Ranar da Na Auna Baba da Kara

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Ban yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, hannuna bai saba da biro ba, kuma labarin na gidanmu ne. Madam Lidiya, mai koya mana a ajin manya, ita ta ce kowace ta rubuta abin da ya taɓa girgiza ta. Na daɗe ina kallon takarda. Sai wani yini ya faɗo mini a rai.

Sunana Zuwaira, ni ce 'yar fari a gidanmu a Tawa. Mahaifina, Alƙasum, ɗan koli ne. Allura, zare, madubi, kwalli, turare, duk a akwatin katako ɗaya da yake ɗaurewa a bayan keke, ya ci kasuwar Kalfu, ya ci ta Bambeye, ya dawo da ƙura har gira. Da yake ni ce ta fari, ba ya kiran sunana. "Ke" yake ce mini. Ni ma ban taɓa haɗa ido da shi ba, kuma maganar da ke tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa.

Keken ba shi ya saya ba. Na wansa ne, Baba Talle, mutum dogo da sai ya sunkuya yake shiga zaure. Ciwon kumburin ƙafa ya kwantar da shi har ya rasu, keken ya zama na Baba. Baba kuwa gajere ne. Sirdin yana can sama, sai ya taka wani dutse a ƙofar gida sannan ya iya hawa, in yana tuƙi ƙugunsa na karkata dama da hagu don ƙafa ta kai feda. Innata, Hajara, ta taɓa ce masa ya sa a sauke sirdin. Ya ce, "Inda Yaya yab bar shi, nan za shi zamna." Ba wanda ya sake tayar da maganar.

Shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa, kaya suka yi tsada, ciniki ya ja baya. Baba ya ƙara kasuwanni, ya ƙara nisa. Sai ciwo ya fara. Bayan gwiwa tukuna, sannan ƙugu, daga baya yatsun ƙafarsa suka riƙa mutuwa. Ya je gidan likita ya tarar ana yajin aiki. Wanzami ya yi masa ƙaho, an jiƙa saiwoyi, ba sauƙi. Wata safiya ya taka dutsen nan zai hau, ƙafar ta ƙi. Ya mayar da keken zaure ya shiga ɗaki ya kwanta. Ina jin sa ta bayan labule yana ce wa Inna, "Abin da yaɗ ɗauki Yaya ma daga ƙahwa yaf fara."

Tun daga nan ya rage cin abinci. Tuwo ya dawo yadda aka kai shi. Inna ta ce mini ba ciwon ne ke ba ta tsoro ba, yadda ya saki ransa ne. Mutumin da ya yanke wa kansa ranar tafiya, in ba a yi da gaske ba sai ya tafi.

Ni ke kai furar da Inna ke damawa wajen masu rumfuna a bakin tasha. A cikinsu akwai Nuhu mai gyaran keke, wanda ya yi shekaru a Abijan yana aiki wajen masu tseren keke. Ya dawo da surutu da wata sana'a da ba a saba gani ba. Bayan faci da gyaran sarƙa, yana auna mutum, ya daidaita masa keke da jikinsa. Yana da zare da ya ɗaure wa noti, yana saukar da shi daga gwiwar mutum zuwa feda. Mutane suka sa masa suna Telan Keke, kuma ba yabo ba ne.

Ranar nan ina zuba fura, suna ta gardama a rumfarsa. Wani mai sayar da taya yana cewa, "Mutum shi biya ka don ka murɗa noti guda? Ɗana ma ya iya."

Nuhu ya ce, "Ɗanka ya iya murɗawa. Ya san inda za shi tsaya?"

"Kakanninmu sun hau jaki ba wanda ya auna su."

"Jaki shi ka tahiya, kai kana zaune. Keke kai ka tahiya." Ya nuna hanya da sifana. "Ku dubi Alƙasum ɗan koli. Duk sa'ad da yaw wuce nan sai in kau da kai. Kekenai ya hi shi tsawo, shina miƙa ƙahwa kamar mai tsinkar mangwaro. Wanga bawan Allah in bai gurgunce ba, ku canza mani suna."

Bai san ni 'yarsa ba ce. Ludayin ya tsaya a hannuna. Na jira har masu gardama suka watse, na yi kamar ina ɗauraye ƙwarya. Sannan na matsa kusa da Nuhu.

"Malam Nuhu, wanda kac ce, babana na. Shina kwance."

Ya ji kunya, ya sosa ƙeya. Sai ya tambaye ni inda ke masa ciwo. Na faɗa. Ya ce, "Ni ba likita ba na, kar ki ce na ce. Amma na ga irin haka da yawa. Ki kawo shi in auna shi."

"Ba shi zuwa. Ko shina da lahiya ba shi bari a taɓa sirdin."

"To kawo mani keken da awonai. Tsawonai duka, da tsawon ƙahwa daga ƙugu zuwa diddige, da na hannu. Ki samu sanda ko igiya ki yi alama. Ba daidai-daidai za shi yi ba, amma in ya hau sai in gyara sauran."

Washegari Inna ta tafi barkar haihuwa a wata unguwa da ƙannena. Bayan azahar gida ya yi tsit. Na nemi igiya ban samu ba, sai ta guga, ita kuwa a jiƙe take. Na zaro kara ɗaya mai tsawo daga darni, shingen karan gidanmu. Na sha jin cewa da kara ake auna mamaci kafin a je haƙa kabari, amma aikin maza ne, ban taɓa gani da idona ba. Wallahi ko kusa bai zo mini a rai ba. Abin da ke raina kawai kada ya farka ya gan ni kusa da shi.

Na tarar da shi kwance rigingine a tabarma, ya miƙe samɓal, ya rufe fuska da farin rawaninsa saboda ƙudaje. Na durƙusa. Na shimfiɗa karan a gefensa daga diddige zuwa kai, na karya abin da ya yi saura. Na yi alama da farce a daidai ƙugu, na yi wata a daidai hannu. Bai motsa ba. Na ji kamar ƙarar faɗuwar ƙwarya a tsakar gida da saurin takun mutum, amma da na leƙo ban ga kowa ba, sai jiƙon magani da ya zube a ƙasa. Na ce akuya ce. Na tura keken na fita da karan a hannu.

A rumfa Nuhu ya sha wahala. Sirdin ya yi tsatsa ya kafe, sai da ya zuba masa kananzir, ya yi ta bugu. Ya gwada da karan, ya sauke shi ƙasa sosai, ya matso da shi gaba kaɗan, ya ɗaga kan keken. Yana yi yana ba ni labarin Abijan, ni kuwa idona na kan hanya. Da ya gama ya ce zai raka ni, don in Baba ya yarda ya hau, ya ga gwiwar da idonsa.

La'asar ta yi sa'ad da muka shigo lungunmu. Tun daga nesa na ga tabarmi a ƙofar gidanmu, maza zaune jere, kawuna a ƙasa. Takalma sun cika bakin zaure. Wasu samari biyu suna tsaye da diga da shebur. Daga cikin gida ana jin kukan mata.

Nuhu ya tsaya ya cire hula. Ya ce a hankali, "Inna lillahi."

Abin da ya faɗo mini shi ne yadda Baba bai motsa ba sa'ad da nake aunawa. Ko numfashinsa ban ji ba. Ashe gawa na auna. Na bar shi shi kaɗai a ɗaki na tafi gyaran keke. Na zauna a ƙasa a tsakiyar lungu. Wani dattijo ya hango karan a hannuna, ya taso. Ya ce, "Ga shi nan, a hannun ɗiyar. Muna ta nema. Ke wa yas sa ki wanga aiki, maza sun ƙare?" Ya miƙo hannu zai karɓa.

Kafin ya karɓa, kukan cikin gida ya yanke tsaf. Sai mata suka fito a guje ta zaure, wata ba mayafi, wata ta taka tabarmar maza ba ta ko waiwaya ba. A gaba akwai Gwaggo Kadidiya, maƙwabciyarmu, tana haki. Ta ce wa liman, "Malam, ya tashi. Shina zaune."

Daga baya na fahimci yadda aka yi. Ita ce ta zo kawo wa Baba jiƙo, ta hango shi a miƙe an rufe fuska da fari, ni kuma a durƙushe ina shimfiɗa kara. Ta saki ƙwarya ta fita ta gaya wa liman, liman ya aika a gaya wa dangi, aka kira Inna daga gidan barka. Matan suka taru a tsakar gida suna kuka, ba wadda ta shiga ɗakin, ana jiran maza masu wanka.

Ban san lokacin da na shiga gida ba. Maza suka biyo liman, na raɓe a bakin ƙofar ɗaki. Baba yana zaune ya jingina da bango, rawanin a cinyarsa. Fuskarsa ba ta nuna mamaki ko kaɗan, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro. Inna tana tsaye a gefe.

Ya ce, "Malam, ku zamna. Ban tahi ba tukuna, amma na san an gaya ma mutanen gida kwanana ya ƙare. Ina kwance na ji anka aza mani kara daga diddige har kai. Ban buɗe ido ba don kar in ba mai awon kunya. Tunda anka taru, ku ji wasiyyata."

Liman ya dubi Inna. Inna ta ce ita ba ta san komai ba, ba wanda ya gaya mata wani abu. Baba ya yi murmushi irin na wanda ake ɓoye wa magana. Ya fara faɗin inda yake so a sa shi, kusa da Baba Talle.

Na ga in na yi shiru zai ci gaba, kuma in ya gama faɗa ba mai sake tayar da shi daga wannan tabarma. Ɗakin cike da maza, wasu ban taɓa ko gaishe su da murya ba. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Baba, ni ta."

Ba wanda ya ji. Na sake faɗa da ƙarfi, har na tsorata da muryata. Duk suka juyo.

"Ni na auna ka. Ba na kabari ba na. Na keke na."

Wanda ya fara magana shi ne Ɗanlami, taubashin Baba, wanda tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya zo da jajayen idanu, ya sha kuka a waje. Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Na mi?"

Na yi bayani ina kallon ƙasa. Nuhu ya leƙo ta saman kaina ya ƙara nasa, har ya fara kawo labarin Abijan, liman ya ɗaga masa hannu. Wani a baya ya yi tari don ya danne dariya.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "An taɓa sirdin Yaya?"

Nuhu ya ce, "An sauke shi, Baba."

"Da izinin wa?"

Ya dube ni, karo na farko a rayuwata da na ga tsakiyar idonsa. Sannan ya kau da kai ya ce, "Ko na mine ne, an riga an auna ni. Wanda anka aza ma kara ba shi komawa kasuwa."

Liman ya ce, "Alƙasum, kara ba shi kashe mutum. Da shina kashewa, da ba mai kai hatsi gida."

Baba ya fara zamewa zai kwanta. Sai Ɗanlami ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ce, "To madalla. Malam, ku shaida. Mamaci ya hwaɗi da bakinai ya mutu. Ni taubashi ba a raba gado da ni, ɗauka nika yi. Keke nawa na. Dama an sauke sirdi, ya yi mani daidai." Ya juya ga Baba. "Kai kuma wawa, Talle da kaka ta kira, sa'ad da yak koya maka hawa bayan masallaci, wa yas sauke maka sirdin kekenai na hwarko? Ba shi ba na da hannunai? Ina nan tsaye ina maka dariya. Mutum ya mutu ka mai da shi mugu."

Ya fita. Muka ji ƙararrawar keke a ƙofar gida, yana ta kaɗa ta da gangan. Baba ya saurara. Ƙararrawar ta ci gaba. Sai ya dafa bango ya tashi, yana ɗingishi, maza suka buɗa masa hanya. Ba takalmi ya fita.

A waje masu zaman makoki suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Samarin nan suka ɓoye diga a bayansu. Baba ya kama kan keken ya ce, "Sauka, ɓarawo."

"Matattu ba su magana."

"Sauka, na ce."

Ɗanlami ya sauka. Baba ya ja keken zuwa wajen dutsensa, yadda ya saba. Nuhu ya ce, "Baba, bar dutsen. Gwada haka nan." Baba ya harare shi, amma ya ɗaga ƙafa a hankali ya haye. Ya zauna, yatsun ƙafarsa suka taɓa ƙasa. Ya dubi ƙafar dama, ya dubi ta hagu. Nuhu ya tsuguna da zarensa mai noti, ya saukar daga gwiwa, ya ce a ɗan tashi, ya murɗa wani abu, ya ce a koma.

Baba ya taka feda. Ya tafi a hankali har bakin lungu, ƙugunsa bai karkata ba. Ya juyo ya dawo ta tsakanin mutanen da suka zo binne shi. Da ya tsaya, bakinsa a ɗan buɗe yake. Ya shafa bayan gwiwarsa ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ba ta ja ba."

Nuhu ya ce, "Za ta yi ciwo tukuna, ta daɗe tana wahala. Kar ka yi nisa kwanakin ga. In likitoci sun koma aiki ka je su duba ta." Sai ya waiga ya hango mai tayar nan cikin masu gaisuwa. Ya ce, "Ɗanka ya iya wanga?"

Liman ya yi addu'a aka shafa. Mutane suka naɗe tabarmi suna magana ƙasa-ƙasa. Gwaggo Kadidiya ba ta fito daga gidanta ba sai bayan kwana biyu. Abincin da maƙwabta suka fara kawowa gidan rasuwa, Ɗanlami ya zauna ya ci rabonsa, ya ce ba a mayar da tuwon mamaci. Baba ya ci tare da shi, ya cinye.

Har yanzu ana gardama a rumfar Nuhu, wasu na cewa aikinsa cin kuɗin banza ne. Ni ban san na kowa ba. Gwiwar Baba takan motsa masa lokacin sanyi, amma bai sake kwanciya ba, kuma dutsen nan yanzu mata ke zama a kai suna tsince wake.

Da magariba ta wannan rana ina wanke kwanoni ya zo ya tsaya a bayana. Ya ce, "Ke." Na ce, "Na'am." Sannan ya ce, "Karan nan, kar in sake ganinai." Ya wuce masallaci.

Da asuba na ɗauko karan daga bayan randa inda na ɓoye shi. Na kakkarya shi a gwiwata, na hura wuta da shi, na dama kunu. Na kai wa Baba da kaina maimakon in ba ƙanwata. Kafin ya gama sha na fito da akwatin koli na goge masa ƙura, na ɗaure shi a bayan keken, na jingina keken a bakin zaure inda zai gan shi in ya fito.